Wuya Biyu

Zabairu ya sauko da ita daga kan ƙusa
a shagonsa na bayan babbar kasuwar Maraɗi,
tsakanin tsofaffin firiji da fankoki marasa kai,
kayan Kwatano da suka sha gishirin teku.
Ya goge ta da hannun riga, ya ce:
"Ga abin da kake kewaya tun ran Laraba."

Gita ce, gangar jiki guda, wuya biyu,
kamar goribar da ta rabu a sama.
Wuyan bisa yana da rami a cikinsa,
yana magana da bakin kansa.
Na ƙasa bebe ne
sai an shayar da shi wuta.

Na rataya ta. Kafaɗata ta yi ƙara
kamar an ɗora mani tulu cike tun daga gulbi.

Nomau, mai buga mana ganga, ya taɓe baki:
"Taura biyu ba ta taunuwa, Tsahiru."
Na ce ba tare zan tauna ba.
Ka manta daren Bagalam?
Ana tsakiyar baiti kuran ya ɗauke,
injin haya ya yi tari uku ya mutu,
na tsaya rungume da gungumen katako,
yatsuna na gudu, ba mai jin sawunsu,
ƴan mata na haska fuskata da salula
kamar an kama ɓarawon kaji.

Nomau ya ce bai manta ba.
Ya ce shi gangarsa ba ta taɓa neman lantarki ba.

Na zauna kan buhun gawayi na bi ta gaɓa-gaɓa.
Tsirkiya goma sha biyu, kunnuwa goma sha biyu,
kowanne da irin taurin kansa.
A gaɓa ta bakwai, wuyan ƙasa na zuza
kamar ƙuda a cikin kwalba.
Makunnin da ke raba muryoyin biyu yana da sanyin jiki.
Na nuna wa Zabairu duka.
Ya ce, "Kai ma ba sabo ba ne."

Jika ɗari da tamanin.
Na taya ɗari da ashirin. Albarka.
Na ƙara goma. Albarka.
Ladan ya kira la'asar, muka bar ta jingine,
muka dawo ba wanda ya sauka daga bakarsa,
sai da na ɗora tsohuwar gitata a kan ciniki,
wadda na koyi hannu da ita a Mokoyo,
mai tabon shayi a ƙirji.
Ban waiwaye ta ba da muka fita.

Ɗan kabu-kabu ya dube mu ya ce kuɗin mutum biyu.

Ran Asabar, a gidan matasa,
na hau da ita kamar mai tafiya da laima a aljihu.
Wuyan ƙasa ya yi ruri, lasifika ta girgiza benci,
ni kuwa kunnena na kan fitila,
ina jira ta mutu in nuna abin da na saya.
Waƙa ta huɗu. Ta shida. Ta tara.
Wuta ta ƙi ɗaukewa.
Rabon da ta yi mana wannan kirki, na manta.

Sai na taka waya da kaina, na zare ta.
Aka yi tsaki, aka fara zagin masu kuran.
Na ɗaga hannu taki ɗaya zuwa bisa.
Muryar ta fito ƙarama, ba ta kai ƙofa ba,
na baya suka taso, suka matso,
har na ji numfashin na gaba a gwiwata.
Nomau ya ajiye sanda, ya bi ni da tafin hannu.

Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa a bakin dandali
ta dubi fitilun da ke ci tar, ta dube ni,
ta yi murmushi, ba ta tona ba.

Yanzu asuba ta kusa.
Tana kwance kan tabarma, ta cinye rabin ɗakin,
ni ina shafa man zafi a kafaɗa,
ina lissafin tsirkiya goma sha biyu
da wadda za ta fara tsinkewa.